Kafin ka kama shago a Misfala, bi riyal ɗinka ka ga a hannun wa yake kwana

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Ni haifaffen Makka ne, kakana ne ya zo daga ƙasar Kano, kuma ina da takardar ɗan ƙasa. Na tara riyal 150,000, ina so in buɗe gidan abinci na tuwo da shinkafa da miya a unguwar Misfala ta Makka, kusa da masaukan alhazan Najeriya. Na zaga na ƙirga masu irin wannan sana'a shida a layin da nake so. Suna sayar da faranti riyal 20, ni kuma na yi niyyar in sa 18 don in janye mutane. Shin lissafina ya yi?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya sa wa abin da ka tara albarka. Lissafinka bai yi ba tukuna, amma ba don sana'ar ba ta da kyau ba. Ka ƙirga mutum shida saboda su ne idonka ya gani, su ne masu allo a bakin ƙofa. Na shafe shekara ashirin da wani abu a Jidda ina riƙe wa 'yan kasuwa littattafan lissafi, daga masu sarin kayan abinci zuwa masu ƙananan bagala, wato kantunan kayan masarufi, kuma shagunan da aka rufe a gabana ba su ƙirguwa. Da wuya in tuna wanda maƙwabcinsa ne ya kashe shi. Galibi wanda ya cinye ribar ko tukunya bai taɓa ɗorawa ba.

Akwai wani malami a jami'ar Harvard ta Amurka, Michael Porter, wanda a 1979 ya rubuta maƙala a mujallar kasuwanci ta jami'ar. Abin da ya zo da shi shi ne, ribar kowace sana'a tana ƙarƙashin matsi daga ɓangarori biyar: abokan hamayyar da ke cikin sana'ar, waɗanda za su iya shigowa gobe, masu sayar maka da abin da kake aiki da shi, masu saye a wurinka, sai kuma duk wani abu daban da zai biya wa mutum buƙatarsa ba tare da ya zo wurinka ba. Ni idan ina yi wa 'yan kasuwarmu bayani nakan ce su ɗauka akushi ɗaya ne, hannaye biyar ke shiga cikinsa ban da naka. Da ya sake duba maganar a 2008, ya kawo alƙaluman Amurka na tsakanin 1992 da 2006. Kamfanonin lemon kwalba suna samun ribar kusan kashi 37 cikin 100 a kan jarinsu, kamfanonin jiragen sama kuwa ba su kai kashi 6 ba. Jirgi cike yake da fasinja, kuma ba a rasa masu basira a cikin masu tafiyar da shi ba. Abin da ya faru shi ne masu ƙera jirgi ƙalilan ne, mai ba a hannunsu farashinsa yake ba, matuƙa suna da ƙungiya, fasinja kuma zai sauya kamfani a kan 'yan daloli. Cikar kasuwa daban, ribarta daban. Misfala a watan Zulhajji jirgi ne cike da fasinja.

Mu fara da riyal biyun nan da kake son ragewa, don ita ce ta fi tayar mini da hankali. Tun 1 ga Yuli 2020 harajin saye da sayarwa a ƙasar nan ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin 100, kuma da zarar cinikinka na shekara ya haura riyal 375,000 rajista ta zama dole. Gidan abincin da ke son ya rayu a Misfala sai ya haura wannan. To farantin riyal 20 ba 20 ba ne a wurinka, 17 ne da halala 39 (halala ɗari ce riyal ɗaya), sauran na hukuma ne. Mu ƙaddara shinkafa da nama da mai da gas da roba da leda sun ci riyal 11 a kowane faranti (kai za ka gyara wannan adadi idan ka shiga kasuwa). Saura 6.39. Ka mai da faranti 18, abin da zai shigo hannunka 15.65, saura 4.65. Kai a ganinka kashi 10 ka rage, alhali fiye da rubu'in ribar farantin ka yanke. Kafin ka sami abin da faranti 100 ke ba maƙwabcinka sai ka sayar da 138. Idan haya da albashi da wuta da ruwa suna cin riyal 30,000 a wata, shi yana fita daga asara da faranti 157 a rana, kai kuwa sai 215.

Kuma wa ya ce za su zuba maka ido? Rage farashi shi ne abu mafi sauƙin kwaikwayo a duniya, alƙalami ne kawai da takarda a manna a gilashi. Ranar da ka sa 18, kafin La'asar biyu daga cikinsu sun sa 18, wanda ya fi daɗewa ya sa 17, domin shi ya riga ya mai da kuɗin firjinsa da tukwanensa tun shekarun baya, kai kuwa yanzu ka zuba naka. Abinci ba ya jira, tuwon da aka tuƙa yau ba ya kai gobe, don haka kowa a layin yana da dalilin karyar da shi da daddare. A ƙarshe duk ku bakwai kuna sayarwa a 17, alhazan dai su ne ba su ƙaru ba. Kada kuma ka ce za ka tara su ku yi yarjejeniya a kan farashi ɗaya. Dokar gasa ta ƙasar nan ta hana haɗa baki a kan farashi, kuma tarar tana iya kaiwa kashi 10 cikin 100 na cinikin shekara.

Yanzu hannun da ya fi kowane girma a akushinka, wanda ko ambatonsa ba ka yi ba: mai gida. Shinkafa ba ta ba ni tsoro. Yawancinta daga Indiya take zuwa, masu shigo da ita suna da yawa, in wannan ya tsawwala ka koma wurin wancan. Kaza ma haka, ga ta Brazil a daskare, ga ta gonakin cikin gida. Ganye da tumatir ka je halagar Ka'akiyya, wato kasuwar kayan gwari ta Makka, da asuba ka zaɓi wanda ya yi maka. Nama ya fi waɗannan rawa, tunda tumaki da yawa daga Sudan da Somaliya ake shigo da su ta tashar ruwan Jidda, kuma farashinsu yana tashi daidai lokacin da ka fi buƙata, wato gab da layya. Amma duk wannan ya shafe ka ya shafi maƙwabtanka daidai wa daida. Shagon da ke tsakanin masaukin alhaji da hanyarsa ta zuwa Harami kuwa ba ya da na biyu. Ba a ƙera shi a masana'anta, ba a shigo da shi daga Indiya. Mai shi ya san haka sarai, kuma ya iya ƙirga kan mutane kamar yadda ka iya. Shekarar da ya ga layi a ƙofarka, a sabuntawar haya za ka ji a jikinka, kai kuma ba ka iya ɗaukar tayil da bututun hayaƙi da ka kashe wa kuɗi ka tafi da su. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Duk wanda ya ce maka a Misfala ana ciniki, ka tambaye shi nawa ne ijar, wato kuɗin haya, kuma nawa yake shekara uku da suka wuce. In har za ka kama shago a can, to kada ka yarda da yarjejeniyar shekara ɗaya. Ka nemi ta shekara uku ko biyar, a rubuta iyakar ƙarin da za a iya yi, a shigar da ita a Ejar, manhajar gwamnati ta rajistar haya, kada ka tsaya a kan "ai mun saba".

Akwai wasu hannaye biyu ƙanana a wannan ɓangare da mutane ke rainawa. Na farko masu kawo kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da manja. Ba su da yawa, kayan ba kullum suke samuwa ba, kuma in babu su miyarka ta zama ta kowa. Ka sami aƙalla mutum biyu, ka sayi abin da ba ya lalacewa tun kafin mosim, wato lokacin cikowar alhazai. Na biyu mai dafa abincin. In mutum ɗaya ne ya san hannun miyar da ake zuwa dominta, to gidan abincin nasa ne, kai haya kawai kake biya masa. Tun Maris 2021 ma'aikacin kamfani baƙo yana iya sauya wurin aiki bayan ya cika shekara ba sai da yardar kafili, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, ba, in ya cika sharuɗɗan. Na ga gidan abincin da kukunsa ya tsallaka titi ya koma shagon da ke kallonsa sati biyu kafin azumi, masu cin abincin suka bi shi kamar kaji sun ga mai tsaba. Ka koyi girkin da kanka, ka rubuta ma'aunin komai, mutum biyu su iya kowace tukunya. Ka sa a lissafinka cewa kowane ma'aikaci baƙo yana da kuɗin da ake biya a kansa duk wata, riyal 700 zuwa 800, ban da igama, wato takardar izinin zama, da inshorar lafiya. An yi wa ƙananan wurare masu ma'aikata tara zuwa ƙasa rangwame idan mai wurin da kansa yake tsaye a kai, ka tabbatar da matsayin wannan kafin ka ɗauki kowa.

Sai mai saye. Alhajin da kake hange ba shi ne alhajin da mahaifinka ya sani ba. Riyal a ɗaure yake da dala tun 1986, riyal 3.75 kowace dala ɗaya, ba ya motsi. Naira kuwa da aka sake ta a Yuni 2023 tana wajen 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Kujerar Hajji da ba ta kai naira miliyan 3 ba a 2023 ta haura miliyan 8 a 2025. A 2023 an ba Najeriya gurbi 95,000 kuma an cike, shekarar da ta biyo baya ba a cike ba. Guzurin da aka ba alhaji a 2024 dala 500 ne, wato riyal 1,875. In ya yi kwana 35, bai kai riyal 54 a rana ba, kuma a ciki yake son ya sayi dabino da darduma da jallabiyar yara da zoben uwargida, don ba ya komawa Gusau ko Azare hannu rabbana. Mutumin da yake buga lissafin kowane riyal da naira a wayarsa kafin ya miƙa, riyal biyunka ba za ta sa ya ci sau uku ba. Zai sayi faranti ɗaya su raba su biyu.

Amma alhaji ɗaya ba shi da ƙarfin matsa maka. Mai ƙarfin shi ne wanda ke saye da sunan mutum ɗari biyu, wato ejan mai kawo 'yan Umara da Hajjin jirgin yawo. A nan zan ba ka labarin kaina, don na sha ruwan wannan rijiya. Shekarun baya ni da wani abokina muka haɗa jari muka shiga harkar tura kayan alhazai daga Jidda zuwa Kano. Wani ejan guda shi ke kawo mana fiye da rabin kayan. Shekarar farko muka riƙa yi masa addu'a. Ta biyu ya ce a rage masa riyal ɗaya a kilo, muka rage. Ta uku ya ce sai an sauke kaya a Kano zai biya, muka yarda, tunda mun riga mun kama sito babba saboda shi, mun ɗauki yara huɗu saboda shi. Ina tuna daren da na zauna a kan wani buhun barguna a siton nan, fanka tana kaɗa zafi, ina duba littafi, na ga cewa kowane kilo nasa da muka ɗauka asarar halala ashirin muke yi, kuma in muka ƙi ɗauka asarar ta fi haka. A shekara ta huɗu ya buɗe nasa, da lambobin direbobinmu da na mutuminmu na filin jirgi. Ban ce ya zalunce mu ba, kasuwa ya yi. Mu ne muka ɗora tukunyarmu a kan murhun wani. Tun daga ranar, duk wanda na riƙe wa lissafi nakan ja masa layi: kada mai saye ɗaya ya wuce sulusin cinikinka, komai daɗin bakinsa.

Hannu na huɗu shi ne wanda ba ya kama da kai ko kaɗan, kuma a sana'arka ina ganin ya fi mutum shidan nan haɗari. Tambayar da za ka yi ita ce, alhaji yana jin yunwa bayan Isha'i, me zai ci in bai zo wurinka ba? Da farko, hukumar alhazan Najeriya, NAHCON, tana sanya kuɗin abinci cikin kuɗin kujera, ana kai wa alhazan jihohi abinci masaukinsu. Ko ya yi ƙorafin miyar ba ta yi ba, ya riga ya biya, kuma abin da aka riga aka biya ya fi naka araha ko da riyal 5 ka sa. Sannan ga jakarsa: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, dambun nama da hajiya ta soya masa tun a gida. Ga iyayenmu mata da ke zuwa da kuloli bakin masauki, tuwo da zafinsa, da Hausa za a yi ciniki, ba haya ba haraji. Baladiyya, wato hukumar birni, tana korarsu, gobe su dawo, kuma ba za ka taɓa kai farashinsu ƙasa ba. Ga Albaik, gidan soyayyar kaza, wanda tun 1974 yake a Jidda, kuma duk alhajin da ya zo sai ya ci don ya ba da labari a gida. Ga shinkafar bukhari da rabin kaza da mutum biyu za su ƙoshi da ita. A watan azumi kuwa, lokacin da kake tsammanin kasuwa ta buɗe, ana shimfiɗa ledar buɗa-baki a Harami da harabarsa kyauta, masu neman lada suna jan hannun mutum su zaunar da shi. Wa zai yi gasa da sadaka?

Irin wannan hannu ba ya sallama kafin ya shigo. Ka tambayi direbobin da ke jigila tsakanin Makka da Madina yadda abin ya kasance bayan jirgin ƙasan Haramaini ya fara aiki a 2018, kilomita 450 cikin awa biyu da 'yan mintoci. Ba wani direba ne ya fi su iya tuƙi ba.

Maganar masu shigowa gobe ba ta da tsawo. Duk abin da riyal 150,000 ya isa ya buɗe, wani mai 150,000 zai buɗe irinsa, kuma in ka yi nasara kai ne tallar da za ta kira shi. Abin da kake da shi wanda ba kowa ba shi ne haɗuwar abu biyu: kai ɗan ƙasa ne, sijil (rajistar kasuwanci) da lasisin baladiyya da sunanka za su fita halal, kuma Hausa a bakinka take, ka san bambancin tuwon da Bakano zai yaba da wanda zai ture. Masu takarda da yawa ba su san miya ba, masu miya da yawa ba su da takarda. Wannan ne shingenka, kada ka sayar da shi. Za a zo maka, in ma ba a riga an zo ba, a ce ka ba da sunanka a buɗe shago, ana ba ka wani abu duk wata kana kwance. Wannan shi ne tasattur, kuma dokar da aka sabunta a 2020 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara biyar da tarar da za ta kai riyal miliyan 5. Ban da haka, da hannunka kake ƙirƙirar abokin hamayya na bakwai.

Porter bai sa gwamnati da kalanda cikin biyar ɗinsa ba, ya ce gwamnati tana aiki ne ta cikin sauran. A Makka kuwa ni nakan ware musu shafi nasu. Haya wata goma sha biyu ake biya, alhazanmu kuwa ba wata goma sha biyu suke nan ba. Akwai azumi, musamman goman ƙarshe, akwai makonnin Hajji, sai ɗan motsi a Rabi'ul Awwal da hutun ƙarshen shekara. Muharram da Safar layin nan da ka gani yana iya zama wayam, ka ji ƙarar na'urar sanyaya ɗaki kawai. Ban san watan da ka yi ƙirgenka ba, amma in a mosim ne, hoton biki ka ɗauka ka ce haka gidan yake kullum. Kuma abin da ba a zata ba yana faruwa. A 2019 mutum kusan miliyan biyu da rabi suka yi Hajji. A ƙarshen Fabrairu 2020 aka dakatar da Umara ga baƙi saboda korona, Hajjin shekarar 'yan tsiraru ne na cikin gida, na 2021 kusan 60,000. Waɗanda suka tsira a cikin mutanen da nake riƙe wa lissafi su ne masu abokan ciniki mazauna gari. Haka da aka rushe unguwanni a Jidda daga ƙarshen 2021, irin su Sabil da Karantina da Kandara da Gulel, na ga shagunan da rusau bai taɓa ba amma suka mutu, don mutanen da ke saye a wurinsu sun watse. A Makka ma ka ga yadda babban aikin titi da gine-ginen nan da ake kira "Masar" ya ratsa tsofaffin unguwannin yammacin Harami. Gaskiya ne ƙasar na neman kai masu Umara miliyan 30 a shekara nan da 2030, kuma mutane za su ƙaru. Sai dai ƙaruwar mutane ita ce ke kiran manyan kamfanoni da ƙarin haya, ba lallai ta sauka a aljihunka ba.

To yaya za ka san gaskiyar layin? Zuwa da kai ya fi saƙo. Ka sami wuri a tsallaken titi, ka sayi shayi, ka riƙe carbi, duk wanda ya fito da leda daga shagon ka ja ɗaya. Ka yi haka bayan Azahar da bayan Isha'i, ranar aiki da ranar Juma'a, a mosim da kuma a Safar. Ka sayi farantin kowannensu ka kai gida ka auna naman a sikeli. Ka yi abota da mandub, wato wakilin kamfanin da ke sauke musu kaza, da mai kawo gas, su suka san katan nawa ke shiga kowane shago, kuma ba su ɗauke shi sirri ba. Ka tambayi mai wanki ko mai aski na layin sau nawa aka sauya allo a shagon da ake son ba ka. In an sauya sau uku cikin shekara biyar, ruwa ba ya tsami banza. Ka duba shagunan da aka manna wa takardar "littaƙbil", wato ana neman mai karɓar shagon, ka kira lambar kamar mai saye, ka nemi ganin rasitan wuta da na haraji. Mai son sayar da shago zai gaya maka abin da maƙwabci ba zai taɓa faɗa ba. Wata biyu na irin wannan zama bai kai kuɗin firji ɗaya ba.

Da ni ne kai, ga inda zan karkata, kuma ra'ayina ne, ƙirgenka yana iya rushe shi. Ba zan kama shago a bakin titin Ibrahim Khalil, babban titin da ya ratsa Misfala zuwa Harami, ko kusa da shi ba. Zan nemi kicin mai lasisi a unguwar da haya ke da sauƙi, wajen da mutanenmu suke zaune, inda mota za ta isa Misfala cikin 'yan mintoci. Da haka na cire hannun mai gida daga tsakiyar akushi. Abin da zai riƙe ni wata goma sha biyu mazauna gari ne: abincin biki da suna da walima, ɗaliban Afirka ta Yamma da ke karatu a jami'ar Ummul Ƙura, ma'aikatan da ba su da mai dafa musu. Zan kuma sa tsire a gaba. Kai ka fi ni sanin yadda mutanen Makka, baƙi da farare, suke son abin da suke kira sire, wanda tsirenmu ne da yajin ƙulinsa kakanninmu suka zo da shi. Wannan kasuwa ba ta jiran jirgin Kano, ba ruwanta da faɗuwar naira, kuma mai sayenta da riyal yake karɓar albashi.

Idan mosim ya zo, sai in ɗora alhazai a kai a matsayin ƙari, kuma ba duka alhazai ba. Zan zaɓi waɗanda abincin kwangila da Albaik ba su yi musu ba: dattawa, masu ciwon suga da hawan jini, wanda cikinsa ya ƙi shinkafa kwana goma a jere yana neman kunu da tuwo mai laushi da miyar kuka ba gishiri da yawa. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka. Tsohon da ya dawo daga Harami a wannan rana ba ya sake fita neman abinci, kuma ɗansa da ke Kaduna ko Abuja zai biya fiye da riyal 20 da farin ciki in ya tabbata za a kai wa mahaifinsa har ƙofar masauki a kan lokaci. A nan ba a tambayar ragin riyal biyu, ana tambayar amana ne, ita kuwa ba a manna ta a gilashi kafin La'asar. Zan yi hulɗa da ƙananan ejan huɗu ko biyar maimakon babba ɗaya, rabin kuɗi kafin a ɗora tukunya. Babbar kwangilar ciyar da alhazan jiha kuwa zan bar wa masu ita, tana da nata izini da sharuɗɗa, tana son jarin da zai jure jiran biya, kuma mai saye ɗaya ne tal.

Manhajojin kai abinci irin su HungerStation da Jahez da Keeta, wadda ta shigo ƙasar a 2024, ka shiga don a san da kai, amma suna yankar kaso mai tsoka, kuma lambar mai sayen tana wurinsu. Duk wanda ya ci ya ji daɗi, ka sa kati a ledarsa ya dawo ta WhatsApp ɗinka kai tsaye.

Wannan zaɓi yana da abin da za ka rasa, kada in ɓoye maka. A goman ƙarshe na azumi za ka wuce ta Misfala ka ga layi a ƙofar mutum shidan nan, zuciyarka ta ce ka yi wauta. Ba za ka iya zama na mai neman araha kuma na mai neman kulawa a lokaci ɗaya da jari ɗaya ba, wanda ya gwada yakan tashi ba tsuntsu ba tarko. Kuma daga cikin 150,000 ɗin nan ka ware abin da zai biya haya da albashi na wata shida ka manta da shi, ko da hakan na nufin tukwane biyu za ka fara da su maimakon biyar.

Ka yi ƙirgen nan, ka rubuto mini abu huɗu: ijar ɗin shagon Misfala da na kicin a unguwa, adadin ledojin da suka fita daga shago mafi ciniki a rana ɗaya ta Safar, nauyin naman farantinsu, da ainihin abin da faranti ɗaya zai ci maka bayan ka zaga Ka'akiyya da ƙafarka. Nakan shigo Makka Juma'a biyu a wata, sai mu zauna bayan sallah mu buga lissafin tare. Ka gaida mahaifinka.